Ciwon kunne a yaro mai galahanga: idan jiki ya yi magana, baki ya yi shiru

Ɗan ƙanwata yana da shekara shida lokacin da ya yi kwana uku yana tayar da gida da tsakar dare. Yaro ne mai lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, kuma a lokacin kalmomin da ke bakinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Da an kwantar da shi sai ya zabura ya zauna, ya riƙa buga gefen kansa na dama da katakon gado. Abin da ya saba ci ma ya ƙi taunawa, sai ruwa kawai. Muka ce lalurarsa ce ta motsa. Ni da bakina na ce wa uwarsa, "Ki yi haƙuri, kin san halinsa, zai wuce." Rana ta huɗu da safe ta ga tabon ruwa rawaya-rawaya da ɗan jini a kan filonsa, shi kuwa yana ta barci kamar ba shi ba. Mugunya ce ta taru a bayan dodon kunnensa har ta fasa shi ta fito. Kwana uku yaron nan yana gaya mana da duk abin da yake da shi, mu kuma muna jiran ya faɗa da baki.

Ciwon kunne ba baƙon abu ba ne ga yara. Cibiyar binciken ji da magana ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa yara 5 cikin 6 sukan yi shi aƙalla sau ɗaya kafin su cika shekara 3. Maganinsa ma sananne ne. Inda gizo ke saƙar shi ne ganewa. Wani yaron zai kama kunne ya ce, "Umma, nan ke yi min ciwo," a gama magana. Mai galahanga kuwa sau da yawa ta hali ciwonsa ke fitowa, halin nan kuma an riga an raɗa masa suna, don haka duk abin da ya yi sai a jingina wa lalurar a daina neman dalili.

Kunne sassa uku ne. Akwai na waje, wato fatar kunne da ramin da ya shiga ciki ya tsaya a dodon kunne. Bayan dodon akwai wani ɗan ɗaki mai iska, kunnen tsakiya, inda 'yan ƙasusuwa uku ke miƙa girgizar sauti gaba. Can ƙurya kuma akwai kunnen ciki, mai kula da ji da daidaiton tsayuwa. Ɗan ɗakin tsakiyar nan yana da wata siririyar hanya, bututun Yustakiyan, da ta gangara zuwa bayan hanci. Ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ruwa ke tsiyayewa. A jikin babba bututun yana da tsawo da gangara, amma a jikin ƙaramin yaro gajere ne, matsattse, kuma kusan a kwance yake. Da mura ta kama yaro sai bututun ya kumbura ya toshe, ruwa ya taru a ɗakin da ba shi da mafita, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Wani lokaci bairas ɗin murar ne, wani lokaci bakteriya, kuma waɗanda aka fi samu su ne Streptococcus pneumoniae da Haemophilus influenzae da Moraxella catarrhalis. Mugunya na ƙaruwa tana tura dodon kunne waje, shi kuwa fata ce siririya mai saurin jin zafi. Wannan matsin shi ne zogin. Shi ya sa ciwon ya fi cin rai da dare idan an kwanta, shi ya sa tauna da haɗiya ke ƙara shi, shi ya sa kuma idan dodon ya fashe zogin ke sauka farat ɗaya. Da mun san wannan, da mun karanta zaman da yaronmu yake yi cikin dare da ƙin taunar da ya yi.

Mutane kan tambaya ko masu galahanga sun fi sauran yara yin ciwon kunne. A 2023 mujallar BMJ Open ta buga wani bincike da ya bi yara fiye da 10,000 na yankin Biristol a Ingila tun suna jarirai. An ga cewa fitar mugunya daga kunne, yawan jan kunne, minshari, numfashi ta baki da raguwar ji lokacin mura sun fi yawa a yaran da daga baya aka gano suna da galahanga. Masu binciken da kansu sun ja kunne cewa wannan haɗuwa ce kawai aka gani, ba hujja ba ce cewa ciwon kunne ke jawo galahanga, kuma mafi yawan yaran da ke da waɗannan alamomi ba su da lalurar. Kada uwa ta zauna tana tuhumar kanta kan wata mura da ta wuce. Abin ɗauka a nan shi ne, kunnen waɗannan yara wuri ne da ya kamata a riƙa leƙawa.

Akwai kuma wata magana da ta daɗe tana cutar da su, cewa wai ba sa jin zafi. Gaskiya ne kundin tantance lalurorin ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, bugun 2013, ya lissafa abin da ke kama da rashin damuwa da zafi cikin alamomin galahanga. Amma kama da abu ba shi ne abu ba. A 2009 wata likita a Faransa, Sylvie Tordjman, da abokan aikinta sun auna bugun zuciyar yara da matasa masu galahanga lokacin da ake ɗibar jininsu, suka ga zuciyar tana ƙara gudu, wato jiki ya ji allurar sarai. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to a nan fuskar ba kullum take bayar da labarin ba. Wani yaron zai ji zafi fuskarsa tana nan yadda take. Wani zai yi dariya. Wani zai daskare wuri ɗaya. Da yawansu kuma suna fama da karanta saƙon cikin jikinsu: yaro ya san wani abu ya ɓaci, amma bai san ko kunne ne, ko haƙori, ko kai gaba ɗaya ba. Ko wanda yake magana tiryan-tiryan yana iya kasa nuna wurin.

Ga wani tarko na musamman. Toshe kunne da hannu abu ne da masu galahanga da dama suka saba yi saboda ƙara tana damunsu. Iyaye sun ga haka sau dubu, don haka ranar da hannun ya tafi kunne saboda ciwo ba wanda zai ɗago kai. Abin lura shi ne bambancin. Mai gudun ƙara kunne biyu yake toshewa, a wurin hayaniya, kuma da an yi tsit zai sauke hannu. Mai ciwo gefe ɗaya ya fi kamawa, ko a ɗakin da ba motsin komai, yana murzawa, yana cusa yatsa, yana goga kunnen a kafaɗa ko a kujera, ko yana bugun gefen. Ga ƙin kwanciya a kan wannan ɓangare, farkawa cikin dare da ihu, ƙin tauna, tangaɗi a tafiya, ƙin a taɓa masa kai wajen wanka ko sa riga. Idan duk wannan ya biyo bayan mura da 'yan kwanaki, ko da zazzaɓi ko babu, kunne ne farkon wanda ake zargi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Babu likitan da ya san ranar yaronki ta yau da kullum kamar ke, kuma ita ce ma'aunin. Yaron da kullum yake kaɗa jiki gaba da baya, kaɗawar ba labari ba ce. Labari shi ne yau ta ninka, ko ta tsaya cak. Likitoci ma sun yarda da haka. Akwai wani ma'aunin zafi da ake kira FLACC, da aka fito da shi a Jami'ar Mishigan a 1997, mai duba abubuwa biyar: fuska, ƙafafu, motsin jiki, kuka da kuma ko yaro yana lallasuwa. Kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 2, jimla 10. Daga baya aka yi masa gyara domin yaran da ba sa iya bayyana kansu, gyaran kuwa shi ne a bar iyaye su ƙara alamomin da suka keɓanta da ɗansu. Ina ganin kowane gida ya kamata ya rubuta nasa a takarda tun yaro yana lafiya, a kai kwafi makaranta.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan ɓoyewa domin ba ta da zogi. Bayan ciwon ya lafa, ko ma ba tare da ciwo ba, ruwa mai kauri kamar danƙo yana iya zama a kunnen tsakiya. Yaro sai ya riƙa ji kamar wanda ya cusa yatsu a kunne. A kira shi bai waiwayo ba, a ba shi umarni bai bi ba, 'yan kalmomin da ya koya su fara zubewa. To rashin waiwayowa idan an kira suna yana cikin sanannun alamomin galahanga, saboda haka wa zai yi tunanin kunne? Yaron da yake fafutukar koyon magana, a ce kuma ya yi watanni yana jin duniya daga ƙarƙashin ruwa, asarar ba ƙarama ba ce. Yawanci ruwan yana bushewa da kansa cikin wata uku. Idan ya wuce haka kuma ji ya ragu, likitan kunne, hanci da maƙogwaro zai iya ba da shawarar na'urar ƙara ji ta wucin gadi, ko ɗan aikin tiyata da ake sa wani mitsitsin bututu a dodon kunne don iska ta shiga. Bututun yakan faɗo da kansa bayan wata 6 zuwa 12. Ana kuma duba yiwuwar sa shi ga yaron da ciwon ke dawo masa sau 3 cikin wata 6, ko sau 4 cikin shekara. Kada wani ya ce miki ba a iya gwada jin yaron da ba ya magana. Akwai gwajin da ake ɗora ɗan roba a bakin ramin kunne ya auna motsin dodo cikin 'yan daƙiƙu, akwai kuma wanda ake manna 'yan wayoyi a kai a auna amsar jijiyar ji yaro yana barci.

Idan yaro ya tasa ya zama saurayi ko budurwa, bututun Yustakiyan ya yi tsawo, ciwon kunnen tsakiya sai ya ragu. Rigimar takan koma ramin waje. Matasa masu galahanga da yawa suna wuni da iyafis ko abin toshe kunne mai rage ƙara, kuma da shi suke iya jure aji da titi. Amma awanni a rufe na tara gumi da danshi, abin da ake cusawa yana tura dauɗar kunne ciki, fatar ramin ta yi laushi ta tsage, ƙwayoyin cuta su shiga. Iyo a ruwa da yawan sosa kunne da tsinken auduga ko murfin biro su ma suna jawo haka. Gane shi ba wuya: idan aka ɗan ja fatar kunnen, ko aka danna guringuntsin da ke gaban ramin, zafin zai ƙaru, abin da ba a cika samu ba a ciwon tsakiya. Maganinsa na ɗigawa ne. Abin da ba na so in ga an yi shi ne a ƙwace abin toshe kunnen gaba ɗaya da sunan magani, domin an cire masa garkuwa ke nan. A goge shi kullum, a bar shi ya bushe, a samu lokutan shiru da za a cire shi kunne ya sha iska, kuma muddin ana jinya a bar wanda ake cusawa cikin rami a koma wanda ke rufe kunne ta waje, shi ma na ɗan lokaci.

Tambayar matashi ma sai da dabara. Ka ce, "Kunnenka na ciwo?" ya ce a'a, kuma ba ƙarya ya yi ba, domin shi abin da yake ji nauyi ne ko ƙuna, bai sa masa sunan ciwo ba. Gara a rarraba masa: zafi ne, ko ƙaiƙayi, ko cikewa, ko wata ƙara kake ji? Dama ko hagu? Wani ya fi iya rubutawa a saƙon waya fiye da faɗa ido da ido. Wani kuma ɓoyewa yake yi da gangan don tsoron asibiti.

Ba duk zogin kunne ne daga kunne ba. Ruɓaɓɓen haƙori, fitowar turamen ƙarshe, kumburin maƙogwaro da gajiyar muƙamuƙi ga mai cizon haƙora cikin barci duk suna harba zafi zuwa kunne, domin jijiyoyinsu a haɗe suke. Idan likita ya leƙa ya ce kunne lafiya lau, kada a koma gida a ce ashe hali ne, a duba baki. Sannan a tuna da yara masu cusa abu a kunne: dutsen ado, takarda, guntun abin wasa. Kada a tono da kai. Idan kuwa ƙaramin batir ne mai kamar maɓalli, wannan na gaggawa ne, yana ƙona nama cikin 'yan awanni, kuma ba a zuba masa ruwa ko maganin ɗigawa.

Zuwa asibitin kansa wani yaƙi ne. Haske mai ƙarfi, jira, hayaniya, sannan baƙo ya zo zai cusa maka abu mai sanyi a wurin da ke ciwo. Abin da ya taimake mu daga baya shi ne shiri. A nemi layin farko ko a jira a waje har a kira. A nuna wa yaro hoton na'urar leƙa kunne tun a gida. A roƙi likita ya bar shi ya taɓa ta, ya fara leƙa kunnen uwar yaro yana kallo, sannan ya fara da kunnen da ba ya ciwo. A ɗora yaro a cinya a rungume shi, kansa a ƙirjin wanda ya yarda da shi, a gaya masa kafin a taɓa, a ƙirga tare zuwa biyar. Danne yaro da mutum uku yana iya biyan buƙatar yau, amma shi zai sa gobe ya ƙi ko ƙofar wurin. A je da 'yar takarda mai ɗauke da ranar da abin ya fara, zafin jikin da aka auna da abin da ya canza. Idan aka ga ana neman sallamar ku da cewa haka irin waɗannan yara suke, uwa ta dage cikin ladabi: "Likita, na san halinsa, wannan ba shi ba ne. Don Allah a duba kunne da maƙogwaro da haƙora."

A wajen magani, rage zogi ne farko. Farasitamol ko ibufurofen, gwargwadon nauyin yaro kamar yadda likita ko takardar maganin ta nuna, kuma a kan lokaci, kada a tsaya jiran ya nuna yana jin zafi tunda shi ne abin da ba zai nuna ba. Ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba asfirin. Antibayotik kuwa ba kowane ciwon kunne ke buƙatarsa ba. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, ta ce ciwon yakan ɗauki kamar kwana 3, wani lokaci har mako, kuma yawancin yara suna warkewa ba tare da shi ba. Ƙa'idar Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta 2013 ta yarda a jira awa 48 zuwa 72 ana sa ido idan ciwon mai sauƙi ne, amma a ba da antibayotik idan zafin jiki ya kai digiri 39, ko zogin ya tsananta, ko mugunya na fita, ko yaron bai kai shekara 2 ba kuma kunne biyu ne. Amoksisilin aka fi farawa da shi. A ganina a nan ne iyayen mai galahanga ya kamata su buɗe baki. Jira da sa ido ya ginu ne a kan cewa za a gane idan abin ya ƙaru. Idan yaronki ba zai iya faɗa ba, ki gaya wa likita haka, ku ajiye ranar da za a sake leƙa kunnen, kada a bar shi a kan "idan bai ji sauƙi ba ku dawo".

Shan maganin shi ma sai an yi da gaske, domin ɗanɗano da kauri da launi duk suna iya sa yaro ya tofar. Sirinjin baki ya fi cokali: a riƙa ɗura kaɗan-kaɗan ta gefen kunci, yaro a zaune, abin kurɓa da yake so yana kusa. A tambayi mai haɗa magunguna ko akwai wani ɗanɗanon, ko na taunawa, ko farasitamol na sawa ta dubura, kuma kada a niƙa ƙwaya sai an tambaya. Ɓoye magani a cikin abinci yana da haɗarin da ba a cika faɗa ba. Yaron da abubuwa uku ko huɗu kaɗai yake ci, idan ya ji ɗaci a ɗaya daga ciki yana iya barin sa har abada. Idan ba makawa sai an haɗa, a sa a ɗan cokali ɗaya na abin da rasa shi ba zai zama bala'i ba. Idan antibayotik ya ƙi shiga ko ana amayar da shi, a koma wurin likita, akwai na allura.

Maganin ɗigawa a fara ɗumama kwalbar a tafin hannu, domin ruwan sanyi a ramin kunne yana kawo jiri, jiri ɗaya kuma ya isa ya sa yaro ya ƙi yarda gobe. Ya kwanta a gefe, a ja fatar kunnen sama da baya (ƙasa da baya ga wanda bai kai shekara 3 ba), a ɗiga, ya zauna haka minti 3 zuwa 5 yana kallon abin da yake so. Idan ana zargin dodon ya fashe, kada a ɗiga komai, mai ne ko ruwan ganye ko ragowar maganin wani, sai wanda likita ya rubuta, domin wasu magungunan ɗigawa suna iya lahanta kunnen ciki idan suka ratsa ta hujin.

Akwai alamomin da ba a kwana da su: kumburi ko ja a bayan kunne har fatar kunnen ta turo gaba, sandarewar wuya, barcin da ake kasa tayar da yaro, amai ba ƙaƙƙautawa, karkacewar gefen fuska, jiri mai tsanani, ko jaririn da bai kai wata 3 ba zafinsa ya kai digiri 38. Ciwon yana iya ratsawa zuwa ƙashin bayan kunne, ko ya zama sanƙarau. Ba kasafai ba ne, amma idan ya faru awanni ake ƙirgawa.

Rage dawowarsa kuwa ba wani sirri: rigakafin bakteriyar nimoniya da na mura mai tsanani, nisanta yaro da hayaƙin taba, shayar da nonon uwa, da barin ba jariri kwalba yana kwance. Rigakafi ba ya jawo galahanga, an bincika an sake bincikawa.

Dodon kunnen ɗan ƙanwata ya haɗe cikin 'yan makonni, kamar yadda yawancinsu ke yi, muka kiyaye ruwa shiga har likita ya ce ya rufe. Gwajin ji ya nuna akwai sauran ruwa a ɗaya kunnen, wanda ba mu ma taɓa zargi ba, aka bi shi har ya bushe. Uwarsa ta zana hoton mutum a kwali ta manna a bango daidai tsayinsa, duk lokacin da ya faɗi ya goge gwiwa sai ta kama hannunsa ta ɗora a gwiwar hoton ta ce "ciwo". An yi watanni ana haka. Da mura ta sake kama shi, wani dare ya jawo ta da zani har gaban kwalin, ya ɗora yatsa a kunnen hagu.